Isnadin Jar Shinkafa: Mu Bayar da Ilimin Irinmu, Amma da Sunan Mai Shi



Godiya ta tabbata ga Allah da Ya shimfiɗa mana fadama, Ya gudanar da gulbi a tsakiyarta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ɗan'uwa mai karatu, wata tambaya ce aka yi mini da kakar shekarar 2023, na kasa amsa ta nan take, kuma tun daga lokacin take yi mini kai-kawo a zuciya. Na je gaishe da kawuna a wani ƙauye da ke bakin fadamar Argungu, na tarar da shi ransa a ɓace. Ashe wasu masu bincike ne suka zo masa da mota, suka roƙi tafi guda na irin jar shinkafar da yake shukawa a can ƙasan gonarsa inda ruwa ya fi zurfi. Ba su tsaya nan ba, sai da suka jero masa tambayoyi: kwana nawa take yi kafin ta nuna, ina ne iyakar zurfin ruwan da take jurewa, wace cuta ce ba ta kama ta. Ya shimfiɗa musu tabarma, ya ba su ruwa, amma ya hana su iri, ya kuma kama bakinsa.

Da ya gama ba ni labari sai ya ce: "Malam, irin ga tsohona yab bar min shi, shi ko tsohonai yab bar mai. Yau su ɗauka kyauta, gobe su maido muna shi cikin leda da kuɗi. Kai da kay yi karatu, gaya min, in na hana ina da laifi wurin Allah?"

Wannan rubutu shi ne amsar da na daɗe ina tarawa. Ba fatawa ba ce, ra'ayin ɗalibi ne.

Me suke nema?

Kowace ƙwayar shinkafa tana ɗauke da wani rubutu da Allah Ya ajiye a cikinta, wanda masana ke kira DNA. Haruffansa huɗu ne kacal, amma jerinsu a shinkafa ya kusa miliyan 400, a cikin ƙunshi 12. A shekarar 2005 aka kammala karanta na shinkafar Asiya. A 2014 aka fitar da na jar shinkafar Afirka, kuma a wannan shekara ce aka zuba jerin haruffan nau'o'in shinkafa 3,000 daga ƙasashe 89 a intanet, duk mai so ya sauke kyauta.

Sai dai duk ɗalibin da ya taɓa riƙe littafin Larabci marar wasali ya san ganin harafi daban, gane ma'ana daban. Na'ura tana karanta haruffan, amma ba ta faɗin wane layi ne ke sa kara ya miƙe idan ruwa ya taso, wane ne kuma ke hana cuta cin ganye. Hanyar ganowa ita ce a jera ɗaruruwan nau'o'i, a ware waɗanda suka tsira daga ambaliya da waɗanda suka mutu, sannan a duba inda haruffansu suka saɓa. Ke nan ba a isa ga ma'ana sai da bayanin siffofin tsiron kamar yadda aka gan shi a gona: tsayinsa, kwanakin nunarsa, juriyarsa ga ruwa da fari da ƙwari. Yau karanta haruffa ya yi arha. Abin da ya yi tsada shi ne wannan bayani, domin shi sai an bi damina bayan damina ana kallo. Kawuna yana da kallon fiye da shekara hamsin a kansa. Abin da baƙinsa suka zo nema ke nan, tafin iri kuwa rakiya ya yi.

Shinkafar da yake riƙe da ita ba ƙaramar aba ba ce. Masana suna kiran jinsinta Oryza glaberrima, kuma manoman Afirka ta Yamma ne suka mayar da ita abin shukawa daga shinkafar daji, a yankin kogin Kwara da ke ƙasar Mali ta yau, kimanin shekara 3,000 da suka wuce. Fadamar Rima, daga Sakkwato zuwa Argungu har Birnin Kebbi, tana cikin wuraren da aka daɗe da sanin ta da noman nau'inta mai bin ruwa, wanda karansa ke ƙara tsawo gwargwadon yadda gulbi ke cika, ya bar kansa a sama yana shan iska. Saboda irin wannan noma ne Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa, mai hedikwata a Badeggi ta Jihar Neja, take da reshe a Birnin Kebbi.

Abin da muka ci na wasu

Kafin mu ce ba za mu bayar ba, ya kamata mu fara duba tukunyarmu. Irin nan da manoman rani suka sani da suna Sipi, wanda hukuma ta yi wa rajista da FARO 44, asalinsa daga Taiwan yake. Wani manomi a can da kakanninsa ne suka yi wahalar zaɓen iyayensa, mu kuma muna cika buhuna da shi a Argungu da Suru da Jega.

Ga misalin da ya fi wannan. A jihar Odisha ta ƙasar Indiya akwai wani tsohon iri na talakawan manoma, ba ya yabanya sosai, amma idan ambaliya ta shafe shi yakan yi lamo a ƙarƙashin ruwa har kusan mako biyu, ruwa ya janye ya tashi. Masu bincike suka adana shi da lamba FR13A. Bayan shekaru ana aiki, a 2006 wasu masana, cikinsu har da David Mackill da Xu Kenong da Pamela Ronald, suka bayyana ƙwayar gadon da ke haifar da wannan juriya, aka sa mata suna SUB1. Daga nan aka shigar da ita cikin nau'o'i masu yawan yabanya ta hanyar barbara irin ta gargajiya. A 2017 Najeriya ta saki FARO 66 da FARO 67, dukansu suna ɗauke da ita.

Wanda ya ga fadamarmu a daminar 2020, lokacin da ruwa ya shanye gonakin shinkafa a faɗin Jihar Kebbi ana daf da girbi, ya ga mutanen da suka ci bashin noma suna tsaye bakin ruwa ba su da ta cewa, ba sai an yi masa dogon bayani kan darajar irin da ke jure nutsewa ba. Ba na cewa zai tsira daga kowace ambaliya, domin ruwan da ya zarce mako biyu yana kashe shi. Amma tsakanin manomin da ya rasa komai da wanda ya tsira da rabi akwai tazarar aurar da ɗiya da biyan bashi. Da manoman Odisha sun yi abin da kawuna ya yi, da wannan alheri bai iso mu ba.

Mu ma an ci namu. A shekarun 1990 Dokta Monty Jones, ɗan ƙasar Saliyo, ya jagoranci haɗa jar shinkafar Afirka da ta Asiya, aka samu nau'o'in da ake kira NERICA, aikin da ya jawo masa babbar lambar yabo ta abinci ta duniya a 2004. Ɗaya daga cikin iyayen NERICA ta fadama wata jar shinkafa ce da aka tsinto a Najeriya, aka ba ta lamba TOG5681. Jikarta ce FARO 60, wadda kuma daga gare ta aka fitar da FARO 67. Dubi ikon Allah: gadon wani manomin Najeriya da gadon wani manomin Indiya sun haɗu a ƙwaya ɗaya. Amma ka lura da abu guda, ya mai karatu. Lambobi muke ta ambata. Waɗanda suka raini irin shekara da shekaru sun koma lamba.

Tsoron kawu yana da tushe

Kada wani ya ɗauka tsohon nan jahilci ne ya hana shi. Abin da yake tsoro ya taɓa faruwa, kuma a maƙwabta.

Akwai wata shinkafar daji mai suna Oryza longistaminata da ke fitowa a bakin ruwa a ƙasashenmu. An ɗauki samfurinta daga Mali, ya bi ta wata cibiyar bincike da ke Cuttack a Indiya, ya isa Cibiyar Binciken Shinkafa ta Duniya da ke Filifin. A can aka tabbatar tana jure wata muguwar cutar bakteriya mai ƙona ganyen shinkafa, aka sa wa ƙwayar gadon suna Xa21. A 1995 aka ware ƙwayar a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis a Amurka, jami'ar kuma ta nemi takardar mallakar fasaha a kanta, ta samu. Don a yi adalci, Pamela Ronald wadda ta jagoranci aikin ita ce ta matsa aka kafa wani asusu a 1996, da nufin idan kamfanoni suka ci riba a ɗauki nauyin karatun ɗaliban ƙasashen da aka samo iri daga gare su. Niyya ta yi kyau, amma ribar da aka sa rai ba ta zo ba. Da Farfesa Anil Gupta na Indiya ya bi sawun lamarin, sai ya gano cewa waɗanda suka fi kowa sanin wannan shinkafa a Mali su ne Bella, mutanen da mu Hausawa muke kira Buzaye, talakawa marasa gona da ke tsintar ta suna ci. Su kuwa gurbin karatun jami'a ba abin da zai tsinana musu, tunda mafi yawansu ko makarantar farko ba su samu ba.

Yanzu kuma lamarin ya ƙara sarƙewa. A da sai an ɗauki iri a jaka an tsallaka iyaka da shi. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta fara aiki a 2014, ta shardanta neman izini da raba amfani kafin a yi haka. Yau kuwa da zarar an karanta haruffan an haɗa da bayanin siffofi an ɗora a intanet, wani a wata nahiya zai iya cin moriyarsu bai taɓa ganin ƙwayar ba. Don toshe wannan kafa ne ƙasashen duniya suka amince a birnin Cali na Kolombiya, a 2024, da kafa asusun da manyan kamfanonin da ke amfana da irin waɗannan bayanai za su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na ribarsu, ko kashi 0.1 cikin 100 na cinikinsu, kuma aƙalla rabin kuɗin ya tafi ga al'ummomin da suka riƙe wannan gado. Sai dai ba a tilasta wa kowa ba. Duk wanda ya taɓa karɓar kuɗin makarantar Islamiyya na ganin-dama ya san yadda irin wannan asusu yake cika.

Ɓoyewa ma asara ce

To, ko mafita ita ce kowa ya rufe rumbunsa ya yi shiru? Ina ganin a'a, domin irin da muke ɓoyo mutuwa yake yi a hannunmu. Tun da aka gina madatsun Bakolori da Goronyo yanayin cikar gulbi ya sauya. Noman rani da injin ban-ruwa ya mamaye fadama, musamman bayan shirin bashin manoma da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015. Manyan injinan casa suna son farar ƙwaya doguwa mai kai ɗaya. Ba na zargin matashin da ya bi kasuwa, iyali gare shi. Amma sakamakon shi ne jar shinkafa ta koma hannun tsofaffi ƙalilan. Iri a rumbun ƙasa shekaru kaɗan yake yi ya daina tsira idan ba a sabunta shi ba, alhali a ɗakin sanyi na rumbunan adana iri yana yin gomman shekaru. Ranar da kawuna ya kwanta dama, idan 'ya'yansa ba su shuka ba damina biyu ko uku, iri ya tafi. Abin da ke kansa kuwa tun ranar za a binne shi tare da shi.

Malamai irin su Imam Gazali sun lissafa noma cikin sana'o'in da suke farilla ta kifaya, waɗanda idan al'umma duka ta yi watsi da su ta yi laifi. Ilimin da ke tsare abincin jama'a daga ambaliya yana cikin wannan babi. A ɗaya ɓangaren kuma ƙa'ida ce sananniya cewa dukiyar mutum ba ta halatta ga wani sai da daɗin ransa. Don haka ban ga laifin kawuna ba da ya hana baƙon da bai yi masa bayani ba. Abin da nake gani shi ne akwai abin da ya fi hanawa, kuma ya fi bayarwa ido rufe.

Isnadi

Mu da muka tashi a zauren karatu muna da wata al'ada da duniyar bincike take buƙata a wannan fage. Ba mu ɓoye ilimi, amma ba mu yanke shi daga mai shi. Ana cewa wane ya karɓa daga wane, shi kuma daga wane. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda yake kwance a Gwandu nan kusa da mu, littafi sukutum ya rubuta, Ida'un Nusukhi, don kawai ya ambaci malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu. Isnadi yana yin aiki biyu: yana tsare haƙƙin wanda aka karɓa daga gare shi, yana kuma ba mai karɓa damar tantance ingancin abin da ya karɓa. Bayanin siffofin tsiro yana buƙatar duka biyun. Ra'ayina a taƙaice shi ne mu bayar, amma da isnadi. Ga abin da nake nufi a aikace.

Na farko, mai bincike ya yi bayani da Hausa, a gaban mai gari ko wani da manomi ya yarda da shi: wace cibiya ta aiko shi, ina iri zai je, wa zai ga bayanan. Izinin da aka karɓa da takardar Turanci da dangwalen yatsa ba izini ba ne.

Na biyu, sunan irin kamar yadda masu shi ke kiransa, da sunan ƙauyen, da na manomin idan ya yarda, su bi bayanan duk inda suka shiga, su zauna kusa da lambar da za a ba shi. Asusu irin na Cali, ko da ya cika ya batse, ba zai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba idan babu wannan.

Na uku, kwafin iri da na bayanai su zauna a gida: a cibiyar adana albarkatun iri ta ƙasa da ke Ibadan, da reshen binciken hatsi na Birnin Kebbi, da jami'o'inmu na Birnin Kebbi da Aliero da Sakkwato. Abin kunya ne ɗalibinmu ya nemi labarin shinkafar Argungu sai ya roƙa daga waje.

Na huɗu, sakamako ya dawo. Wanda ya san hanyar ƙauye ranar karɓa bai kamata ya manta ta ranar da bincike ya haifu ba. Ya komo ya faɗi abin da aka gano, ya kawo sabon irin a gwada a gonar wanda ya bayar tun kafin ya shiga kasuwa.

Na biyar, a rubuta cewa ba wanda zai wayi gari ya hana manomi shuka irinsa, ko ajiye shi, ko ba maƙwabcinsa.

Amana kuwa ba a kan baƙo kaɗai take ba. Mu faɗa wa kanmu gaskiya: da yawa daga cikinmu idan suka ga mai littafi da biro sai su zaci rabon taki ne, su rage abin da suka girba ko su ƙara asarar da suka yi. Wani kuma don alfahari sai ya ce irinsa ya yi wata guda a ƙarƙashin ruwa alhali kwana goma ya yi. Ƙarya ɗaya irin wannan tana iya sa masu bincike su ɓata shekaru suna neman abin da babu, ko a saki irin da zai ci amanar wani manomi a wata ƙasa. Mai ruwayar da aka kama da ƙarya, mun san matsayin ruwayarsa.

Aikinku, matasa

Ku da kuke karanta wannan a waya, ku ne gadar da ta rage tsakanin tsofaffin nan da masu bincike. Kuna jin harshen duka biyun. Idan ka je gida hutu, zauna da kakanka ko gwaggonka, domin mata sun fi sanin wace shinkafa ce ke kumbura a tukunya, wace ce ke yin tuwo mai kwana bai lalace ba. Tambayi sunan kowane iri, daga wa aka samo shi, a wane irin wuri ake shuka shi, yaushe yake nuna, wace shekara ruwa ya ci na kowa ya bar shi. Ɗauki hoton zangarniya da na ƙwaya, rubuta kwanan wata da sunan wanda ya faɗa maka. Kada ka yi gaggawar watsa shi a Facebook sai da izinin masu shi. Ajiye shi, ka ba su kwafi. Ranar da baƙo ya zo, zai tarar da mutanen da suka san abin da ke hannunsu, kuma ciniki da wanda ya san darajar kayansa daban yake.

Kammalawa

Da na koma wurin kawuna na faɗa masa abin da na faɗa muku. Na ce ba shi da laifi da ya hana, amma ina jiye masa ladan da zai samu idan wani manomi a Bangladash ko Mali ya tsira da abincin iyalinsa ta dalilin irin da mahaifinsa ya bar masa. Na ba shi labarin manoman Odisha. Ya yi shiru yana murza zangarniya a tafinsa, sannan ya ce: "Su waɗanga mutane na Indiya, an san sunansu?" Na ce lambar irinsu dai aka fi sani. Ya ce: "To ka gani. In baƙin nan sun komo, sai ka zo. Kai za ka riƙa alƙalami."

Har yau ba su komo ba. Ni dai na sayi littafi, kuma mun riga mun cika shafi goma sha ɗaya.

Allah Ya sanya albarka a gonakinmu, Ya kiyaye mu daga cin amana da ɓoye alheri. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni. Allah Shi ne mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.